Yadda Ake Gano Shekarun Buɗaɗɗen Gungun Taurari da Sinadaran Cikinsa

Tauraro guda ɗaya ba ya faɗin shekarunsa. Ɗauki Rana: a cikin shekara miliyan 100, haskenta na ƙaruwa ne da kimanin kashi ɗaya cikin ɗari kacal. Wanda ya kalle ta yau da wanda ya kalle ta shekara miliyan 300 da suka wuce kusan abu ɗaya suka gani. Shekarunta biliyan 4.6 da muka sani ma ba daga fuskarta aka karanto su ba, daga duwatsun da ke faɗowa daga sama aka auno su a ɗakin gwaji. Sauran taurari kuwa ba mu da duwatsunsu a hannu.

A nan gungu yake shigowa. Buɗaɗɗen gungu taro ne na taurari ɗaruruwa zuwa 'yan dubbai da suka fito daga gajimaren iska da ƙura guda, a lokaci guda. Kaza da 'Ya'yanta, wadda kowa ke iya gani da ido, ita ce mafi shahara. Tunda 'yan ciki ɗaya ne, shekarunsu ɗaya, sinadaran da aka gina su da su ɗaya, nisansu daga gare mu ma kusan ɗaya. Nauyi ne kawai ya bambanta su. Shi kuwa nauyi shi ke yanke wa tauraro tsawon rai: mai nauyin Rana yana ƙona haidurojin ɗin cibiyarsa na kimanin shekara biliyan 10, mai ninki biyu ya gama a biliyan ɗaya da ɗoriya, mai ninki biyar kuwa da ƙyar ya wuce miliyan 100. Manya ke riga ƙanana tafiya. In ka gano tauraro mafi nauyi da har yanzu bai cinye haidurojin ɗinsa ba, ka kama shekarun gungun.

A baki abu ne mai sauƙi. A aikace kuwa abubuwa huɗu ne suka cuɗe da juna: nisa, ƙurar da ke tsakani, yawan ƙarafa, da shekaru. Kuskure a ɗaya yakan saka rigar ɗayan ya ɓuya. Shi ya sa jerin matakan nan ba zaɓi ba ne. Sai ka ɗaure uku na farko da hujjar da ba ta dogara da shekaru ba, sannan ka nemi shekarun. Zan riƙa misali da M67, tsohon gungu da ke cikin rukunin taurarin Kaguwa, da kuma Kaza da 'Ya'yanta idan ana maganar yara.

Tsince 'yan gida daga 'yan hanya

Duk hoton gungu cike yake da taurarin da ba nasa ba, wasu a gabansa wasu can a bayansa. Kafin tauraron ɗan'adam na Gaia, rarrabe su aiki ne na shekaru. Hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba shi a Disamban 2013, kuma kundin bayanansa na uku da ya fito a Yunin 2022 yana ɗauke da taurari kusan biliyan 1.8. Kyauta ne a intanet.

Shiga rumbun Gaia, ka ba shi matsayin tsakiyar gungun, ka nemi duk taurarin da ke cikin da'ira mai faɗi. Ga M67, digiri ɗaya daga tsakiya ya isa a fara. Kaza da 'Ya'yanta tana kusa, ta bazu sosai a sama, sai ka buɗa zuwa digiri biyar ko fiye. Abin da kake buƙata ga kowane tauraro shi ne matsayinsa, tafiyarsa ta gefe a fuskar sama, faralas ɗinsa, da haskensa a matatun launi na Gaia, wato G na hasken gaba ɗaya, BP na shuɗi da RP na ja. Faralas shi ne 'yar gocewar da tauraro ke yi a idonmu yayin da Duniya ke zagaya Rana. Akwai wata lamba da rumbun ke kira RUWE, mai nuna ko awon ya zauna da kyau. Al'adar masu aikin ita ce a ajiye duk wanda ya haura 1.4 a gefe, don sau da yawa tagwayen taurari ne da ke jijjiga juna.

Buɗe teburin a manhajar TOPCAT, ko a Python in ka saba, ka zana tafiyar gabas da yamma a kwance, ta kudu da arewa a tsaye. Taurarin hanya za su watsu kamar an zubar da tsaba. A wani gefe kuma za ka ga ɗan dunƙule mai kauri. Na M67 yana wajen −11 da −3 a ma'aunin mili-sakan na kusurwa a shekara, na Kaza da 'Ya'yanta yana wajen +20 da −45. Su ne 'yan gida, tafiyarsu ɗaya don tare suka taso. Zagaye su, sannan ka duba faralas ɗinsu, ka cire duk wanda ya yi nesa da sauran fiye da ninki uku na kuskuren awonsa. Ga gungu mai nisa ko wanda ya nutse cikin cunkoso, ido ba ya wadatarwa, sai a koma ga manhajojin tattara dangi irin su HDBSCAN. In akwai awon gudun kusantowa ko nisanta, wanda ake samu daga bakan haske, wato hasken tauraro da aka baje launi-launi kamar bakan gizo, mai ɗauke da baƙaƙen layukan sinadarai, yi amfani da shi a matsayin tace na ƙarshe. 'Yan M67 duk suna nisantar mu da kimanin kilomita 34 a sakan.

Kada ka yi rowar lokaci a nan. A tsohon gungu, taurarin da ke yanke hukuncin shekaru ba su da yawa, watakila 'yan gomomi. Baƙo biyu ko uku a cikinsu sun isa su karkatar da amsa.

Nisa

Raba 1000 da faralas na mili-sakan, ka sami nisa a farsek, wanda kowane ɗaya yake daidai da shekarar haske 3.26. Kaza da 'Ya'yanta tana da 7.36, wato farsek 136. M67 yana wajen 1.15 zuwa 1.2, wato kimanin farsek 850. Ɗauki matsakaicin faralas na duk 'yan gungun tukuna sannan ka juya shi, kada ka juya na kowane tauraro ka tara. Ka kuma sani faralas ɗin Gaia yana da 'yar ƙaramar tawaya, kusan 0.02 zuwa 0.04, da ya kamata a gyara. Ga gungu na kusa ba ta da tasiri, amma ga mai faralas 0.3 ta kai kashi goma cikin ɗari.

Wanda yake ganin awon nisa ba abin damuwa ba ne, ya tuna abin da ya faru da Hipparcos, magabacin Gaia. Ya ba Kaza da 'Ya'yanta farsek 120, alhali sauran hanyoyi na cewa wajen 135. Bambancin ya sa taurarinta suka zama kamar sun fi yadda lissafi ya ce dusashewa, har aka fara tuhumar lissafin kansa. Sai a 2014 awon na'urorin rediyo da ke nesa da juna ya ba da 136, daga baya Gaia ya tabbatar.

Daga nisa za ka fitar da tazarar da ke tsakanin hasken da ake gani da hasken gaskiya, a ma'aunin maginitud, inda babbar lamba ke nufin dusashewa: 5 log d − 5, d kuwa nisa ne a farsek. Ga M67 ya kama kusan 9.65. Riƙe wannan lambar.

Ƙura

A 1930 Robert Trumpler, yana nazarin irin waɗannan gungu a cibiyar Lick ta Amurka, ya nuna cewa sararin da ke tsakanin taurari ba fanko ba ne. Akwai ƙura, tana rage haske, kuma ta fi cin shuɗi a kan ja, sai tauraro ya fito a dusashe kuma a rine da ja. Ana rubuta rinin da E(B−V), dusashewar kuma a matatar V takan kai ninki 3.1 nasa. M67 da Kaza da 'Ya'yanta duk sun yi sa'a, nasu wajen 0.04 ne. Gungun da ke kwance a tsakiyar faifan galaksinmu kuwa yana iya wuce 1.

Hanya mafi tsabta ita ce ta bakan haske: ka san zafin tauraro daga layukansa, zafin ya gaya maka launin da ya kamata ya kasance da shi, ka debe daga wanda ka gani. Taswirorin ƙura na taimakawa a fara, amma wasunsu suna ba da jimillar ƙurar har bayan gungun, sai su yi maka ƙari. In ka ga taurarin gefe ɗaya na gungun sun fi na ɗaya gefen ja, ƙurar ba ta bazu daidai ba, kowane yanki sai an yi masa nasa gyaran.

Sinadarai: inda aikin yake da nauyi

Da yawa sukan tsallake wannan su wuce neman shekaru, su bar yawan ƙarafa a matsayin abin da kwamfuta za ta cinta. A ganina wannan shi ne babban ganganci a harkar. Tauraro mai ƙarafa da yawa yakan fi sanyi a sama, ya fi ja. Ƙura ma ja take sa shi. Tsufa ma yana tura kwanar gungu zuwa ja, wato wurin da layin taurarinsa ke yin kwana a zanen launi da haske, inda haidurojin ɗin cibiyarsu ya fara ƙarewa. Launi kaɗai ba zai raba maka su ukun ba.

Masu ilimin taurari suna kiran duk sinadarin da ya fi hiliyom nauyi da suna ƙarfe, har da oksijin da kabon. Tun 1925 Cecilia Payne ta nuna cewa haidurojin da hiliyom ne suka mamaye jikin taurari. A Rana, duk sauran sinadaran a haɗe ba su kai kashi biyu cikin ɗari na nauyinta ba. Baƙin ƙarfe ake ɗauka a matsayin wakilinsu don yana da dubban layuka a bakan haske. Ana rubuta shi [Fe/H], kuma ma'auni ne na logaridim da aka jingina da Rana: 0 na nufin daidai da Rana, +0.3 ninki biyu, −0.3 rabi, −1 kashi ɗaya cikin goma. M67 da Kaza da 'Ya'yanta suna dab da 0. Gungun Hyades na wajen +0.13, wato ya fi Rana da kusan kashi ɗaya cikin uku. Gungun NGC 6791 ya kai +0.3 ko sama, ga shi kuma tsoho mai kimanin shekara biliyan 8. Wannan kaɗai ya isa ya hana ka ɗaukar cewa duk tsohon gungu matalaucin ƙarfe ne.

Zaɓen taurarin da za a auna shi ne rabin aikin. Nemi waɗanda ba tagwaye ba, masu juyawa a hankali, don saurin juyi yana baje layuka su haɗe da juna. A tsohon gungu jajayen ƙattai, wato taurarin da suka cinye haidurojin ɗin cibiyarsu suka kumbura, su ne suka fi sauƙi saboda haskensu. A ƙaramin gungu sai a nemi masu kama da Rana. Guje wa masu zafi ƙwarai, layukan ƙarfensu kaɗan ne, da masu sanyi ƙwarai, waɗanda bakansu ya cunkushe da layukan ƙwayoyin haɗi. Taurari biyar zuwa goma sun fi ɗaya komai kyansa.

Bakan hasken ya kasance mai ƙarfin rarrabewa 20,000 zuwa sama, in da hali 40,000, sigina kuma ta ninka hayaniya sau 50 zuwa 100. Ba sai ka mallaki babban madubin hangen nesa ba. Shirye-shiryen Gaia-ESO a Chile, GALAH a Ostareliya, da APOGEE mai aiki da hasken da ke ƙasa da ja don ya ratsa ƙura, duk sun saki bayanan gungu masu yawa a fili.

Da bakan ya zo hannu, sai a daidaita shimfiɗarsa ta yadda wuraren da babu layi za su zauna a 1, a kuma gyara gocewar da gudun tauraron ya jawo. Daga nan a auna zurfi da faɗin kowane baƙin layi a haɗe, a lamba ɗaya da ke nuna yawan hasken da layin ya haɗiye. Manhajar ARES na yin wannan da kanta, amma ka duba wasu da idonka. Layuka matsakaita ake so. Masu rauni ƙwarai hayaniya ta cinye su, masu ƙarfi ƙwarai kuma sun ƙoshi, ko an ƙara ƙarfe ba sa ƙara zurfi yadda ya kamata.

Sai a juya faɗin layi ya zama yawan sinadari. Ana buƙatar samfurin sararin saman tauraro, irin MARCS ko ATLAS9, da manhajar lissafi irin MOOG ko Turbospectrum. Samfurin kuma na neman lambobi uku da ba ka sani ba tukuna: zafin sama, ƙarfin jan nauyi a sama, da ƙananan motsin iskar da ke faɗaɗa layuka. Dabarar ita ce a bar layukan ƙarfen su gyara kansu, tunda ƙarfen da ke cikin tauraro ɗaya ne, kowane layi dole ya ba da amsa ɗaya.

Ga yadda yake a kan allo. Ka sa zafi 5,900 a ma'aunin Kelbin, ka samu layuka tamanin na ƙarfen da bai rasa ilektiron ba. Ka zana amsar kowane layi a kan ƙarfin da ake buƙata kafin a tayar da shi. In ɗigon sun gangara, wato layukan ƙasa na ba da ƙarfe da yawa, na sama na ba da kaɗan, zafin da ka sa ya yi yawa. Rage shi da hamsin, ka sake, har layin ya kwanta. Sannan ka zana amsar a kan ƙarfin layukan kansu. In masu ƙarfi sun fi raunana ba da ƙarfe, motsin iskar da ka sa ya yi kaɗan. Daga ƙarshe ka gwada matsakaicin waɗannan layuka da na ƙarfen da ya rasa ilektiron ɗaya, waɗanda ba su da yawa, watakila goma. Su ne ke jin jan nauyi, sai ka motsa shi har rukunan biyu su haɗu. Taɓa ɗaya yakan ɗan gusar da sauran, don haka zagaye ne ake yi sau da yawa. Lambobin Rana, zafi 5,772 a ma'aunin Kelbin, jan nauyi (log g) 4.44, da motsin iska wajen kilomita 1 a sakan, su ne mafarin kowa. Kuskuren digiri 100 a zafi yakan gusar da [Fe/H] da kimanin 0.06 a tauraro irin Rana.

In kana son awo mai kaifi, yi shi layi da layi a kan Rana. A ɗauki bakan hasken Rana da na'ura ɗaya, ta hanyar haskenta da ya dawo daga Wata ko daga dutsen Vesta, a debe amsar kowane layi na Rana daga na tauraron. Duk kuskuren da ke cikin bayanan layin sai ya soke kansa. Wannan ya fi aiki ga tauraro mai kama da Rana, kuma M67 yana da wani tauraro da ake kira M67-1194 da ya yi kama da ita kamar an tsaga kara.

Bayan ƙarfe sai sauran: maganiziyom, silikon, kalsiyom, oksijin, bariyom, itiriyom. Waɗanda layukansu suka cuɗe ko suka rarrabu, sai a ƙirƙiri bakan a kwamfuta a ɗora a kan na gaske. 'Yan gungu ɗaya bai kamata su saɓa da fiye da 0.05 ba. Wanda ya fita daban ƙwarai, koma ka binciki ko ɗan gida ne.

Akwai tarkuna biyu da ya kamata ka sani. A M67 taurarin da ke kan kwanar gungun suna nuna ƙarfe ƙasa da na jajayen ƙattai da abin da ya kusa 0.1. Ba a haife su daban ba. Cikin biliyoyin shekaru sinadarai masu nauyi sun nutse ƙasa da fatar tauraron, sai da ya kumbura ya zama ƙato aka sake dama su suka taso. Don haka ƙattai ne suka fi nuna abin da aka haifi gungun da shi, ban da kabon da naitirojin da damawar ta canza. Na biyu yana ga yara: taurarin da ba su kai shekara miliyan 200 ba suna da maganaɗisu mai ƙarfi da ke ƙara wa manyan layuka zurfi, sai lissafi ya ba da motsin iska da ya wuce kima, ƙarfe ya fito ƙasa, bariyom kuma ya fito sama fiye da hankali. A irin su, jingina da raunanan layuka.

Layin tsara

Yanzu ne za a nemi shekaru. Zana launi, BP−RP, a kwance, haske G a tsaye, masu haske a sama. Wannan jikan zanen da Hertzsprung da Russell suka fito da shi ne a farkon shekarun 1910. Za ka ga dogon layi ya taso daga ƙasa ta dama zuwa sama ta hagu. Shi ne babban layi, inda taurari ke ƙona haidurojin a cibiya. A Kaza da 'Ya'yanta ya miƙe har can sama cikin shuɗɗan taurari, babu jan ƙato ko ɗaya. A M67 kuwa yana isa wajen maginitud 13 sai ya yi kwana zuwa dama, ya bi wata 'yar siririyar hanya a kwance, sannan ya haura zuwa jajayen ƙattai. Taurarin da ke kwanar nauyinsu kimanin 1.2 zuwa 1.3 na Rana ne.

Layin tsara lissafi ne da ke nuna inda taurari masu nauyi daban-daban za su tsaya in shekarunsu da sinadaransu ɗaya. Ana sauke su daga shafukan PARSEC, MIST ko BaSTI. Sa [Fe/H] da ka auna, ka zaɓi matatun Gaia, ka nemi jerin shekaru, misali biliyan 3, 3.5, 4, 4.5 da 5. Matsa kowane layi ƙasa da tazarar nisa haɗe da dusashewar ƙura, ka matsa shi dama da rinin. Fara duba ƙasan babban layi, inda taurari ba su canza ba tun haihuwa. In bai hau ba a can, matsalar ba ta shekaru ba ce, koma baya ka duba nisa, ƙura ko ƙarfe. Sai ya hau sannan ka ɗaga ido zuwa kwana. A M67, layin da ya fi bin kwanar da siririyar hanyar da ke bayanta shi ne na wajen biliyan 4. Ita wannan siririyar hanya na fi yarda da ita a kan kwanar kanta, don tsayinta a zanen yana sauka a hankali da shekaru kuma ƙura ba ta ruɗa shi sosai.

Karon farko da na yi wannan, na ɗora layin ta tsakiyar ɗigon, ina ganin adalci ke nan. Amsar ta karkace. Dalili shi ne tagwaye: biyu masu nauyi ɗaya da ba a iya raba su ba suna fitowa da haske ninki biyu, wato 0.75 sama da babban layi, sauran tagwayen kuma suna cike tsakani. Layin tsara gefen ƙasa mai shuɗi yake bi, inda taurari tilo suka taru. Haka nan a M67 za ka ga wasu shuɗɗan taurari tsaye sama da kwana kamar ba su ji kiran tafiya ba. Sun sami ƙarin nauyi ne daga abokin zama ko ta haɗewa. 'Yan gida ne na gaskiya, amma kada ka sa su a lissafin shekaru.

Gwada aƙalla iyali biyu na layukan tsara. Sukan saɓa da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, musamman kan yadda kowannensu ya ɗauki tsallakewar damawar cibiya zuwa wajen iyakarta, wadda ke kawo wa tauraro ƙarin makamashi ta tsawaita ransa. A gungun da bai kai biliyan 2 ba, saurin juyin taurari ma yana baje kwanar har ta yi kamar akwai tsara biyu. Wannan saɓani shi ne ainihin girman kuskurenka, ba 'yar lambar da manhaja ta buga ba.

Agogo na biyu

Ga ƙaramin gungu, taurarin saman layi kaɗan ne, Gaia ma bai auna mafiya haske da kyau ba. Sai a juya zuwa ƙasan layi. Litiyom yana ƙonewa da zafi ya kai kimanin digiri miliyan 2.5 zuwa 3. Ƙananan jajayen taurari suna damawa tun daga cibiya har sama, don haka da cibiyar ta kai wannan zafi, litiyom ɗin jikinsu duka ya ƙare cikin ɗan lokaci. Mai nauyi ke fara isa. Sai ka bi layin litiyom da ke nanomita 670.8 daga masu haske zuwa dusassu, ka nemi iyakar da ya sake bayyana. Hasken taurarin da ke wannan iyaka shi ke ba da shekaru, kuma samfurori daban-daban sun fi yarda da juna a nan. Da wannan hanya aka ba Kaza da 'Ya'yanta kimanin shekara miliyan 125 a 1998, lokacin da tsoffin layukan tsara ke cewa 70 zuwa 80. Awon baya-bayan nan ya fi karkata ga 110 zuwa 125. Hanyar na aiki tsakanin miliyan 20 da 200 ne kawai, kuma tana cin babban madubi, don taurarin dusassu ne ƙwarai.

Akwai kuma juyi. Tauraro irin Rana yana rage saurin juyawa yayin da iskarsa mai maganaɗisu ke taka masa birki. Andrew Skumanich ya nuna a 1972 cewa saurin yana raguwa daidai da tushen murabba'in shekaru. Ana auna tsawon juyin daga yadda haske ke hawa da sauka idan tabon tauraro ya zagayo, kuma bayanan taurarin ɗan'adam na Kepler da TESS suna nan a buɗe. Masu kama da Rana a Hyades sukan zagaya cikin kwana takwas zuwa goma, a NGC 6819 mai shekara biliyan 2.5 kwana 18, a M67 kuwa wajen 26, kusan kamar Rana. Sai dai a lura, da gungu aka saita wannan agogon tun asali, don haka bai cika zama shaida mai zaman kansa ba. Taurari masu ruwan lemo kuma sukan tsaya cak na wani zamani kafin su ci gaba da rage gudu.

In ka yi sa'a gungunka na da tagwayen da ke shiga gaban juna kusa da kwana, riƙe su da kyau. Daga kusufinsu da gudunsu ana samun nauyi da faɗi da kuskuren da bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuma babu ruwan wannan da nisa ko ƙura. Irin su ne suka ɗaure shekarun NGC 6791. Fararen wadanni, wato ragowar cibiyar taurarin da makamashinsu ya ƙare, mafiya dusashewarsu ma agogo ne, don sanyinsu yana tafiya da lokaci. Rabon kabon da naitirojin a jajayen ƙattai, da na itiriyom da maganiziyom a masu kama da Rana, su ma suna bin shekaru, amma ni ina ɗaukar su a matsayin abin dubawa ne kawai, don dangantakar tana canzawa daga wani yankin galaksi zuwa wani.

Idan agogo biyu suka saɓa fiye da kuskurensu, kada ka raba tsakiya. Koma ka ƙara E(B−V) da 0.02 ka ga inda shekarun suka koma, ka mayar, ka motsa [Fe/H] da 0.05, ka mayar, ka cire taurari biyun da suka fi haske a kwana ka sake. Wanda ya fi girgiza amsar shi ne inda za ka ƙara awo. A rahotonka kuma, kusa da lambar shekaru, rubuta iyalin layin tsara da ka yi amfani da shi, da nisa, da rinin ƙura, da [Fe/H], da kuma ma'aunin sinadaran Rana da ka jingina da shi. Shi ma wannan ya sha gyara: kiyasin ƙarafan Rana ya sauko daga kusan kashi 2 cikin ɗari a ƙarshen shekarun 1980 zuwa ƙasa da 1.5 a shekarun 2000, kuma siffar kwanar da lissafi ke ba M67 tana cikin abubuwan da wannan gyara ya taɓa.